Tsohuwar Bas Ta Rasa Ƙarfi: Yaya Ake Gane Ko Famfon Mai Ne Ya Gaji?

Tsohuwar bas irin Toyota Hiace ko Mitsubishi L300 takan tashi lafiya da safe, ta yi silo babu gargada, amma da zarar an cika ta da fasinja da kaya aka hau titi sai ta fara nauyi. Sau da yawa hukuncin farko da ake yankewa a gareji shi ne famfon mai ya mutu, a sayo sabo. Wani lokaci hukuncin daidai ne, wani lokaci kuma kuɗi ne aka zubar.

Me ya sa raunin famfon mai yake cinye ƙarfin mota?

Aikin famfon shi ne ɗauko fetur daga tanki ya kai shi ga injin, da yawan da ake buƙata da kuma matsin da ya dace. A motocin da ke aiki da nozul, wato na'urar da ke fesa mai cikin injin, famfon na lantarki ne, galibi yana cikin tankin, kuma yana tura mai da matsin da ya kai wajen bar 3 a ma'aunin matsi. Injin da ke silo ɗan mai kaɗan yake sha, don haka ko famfon da ya gaji yana iya wadatar da shi. Amma idan direba ya taka totur a hawa da lodi, buƙatar takan ninka sau da yawa, kuma a nan ne famfon yake kasa kawo abin da ake nema. Matsi ya faɗi, iska ta rinjayi mai a cikin injin, wuta ta yi rauni. Wannan ne dalilin da ya sa motar da aka gwada a tsaye takan nuna kamar lafiyarta ƙalau.

Waɗanne alamu ne suka fi nuna famfo?

Babbar alama ita ce rashin ƙarfi da ke ƙaruwa gwargwadon yadda ake matsa wa motar. A shimfiɗaɗɗiyar hanya tana tafiya, amma a doguwar hawa irin Hawan Kibo da ke kan hanyar Jos sai ta riƙa fizga, tana shaƙewa kamar mai ya ƙare, idan kuma aka ɗan ɗaga ƙafa daga totur sai ta farfaɗo. Akwai kuma matsalar da ba ta bayyana sai an yi tafiyar rabin sa'a ko fiye, domin famfon lantarki da ya tsufa yakan ƙara rauni idan ya ɗauki zafi. Motar ta mutu a gefen hanya, a bar ta ta huce, ta sake tashi kamar babu abin da ya faru. Wasu lokutan ana jin ƙara mai tsini daga wajen tanki, ko motar ta daɗe ana murza makulli kafin ta kama bayan ta kwana, saboda ɗan bawul ɗin da ke riƙe matsi a cikin famfon ya daina riƙewa.

Shin waɗannan alamun sun isa a canza famfon?

Ba su isa ba, kuma a ganina nan ne aka fi tafka kuskure. Filtar mai da ta toshe tana ba da waɗannan alamun kusan dukkansu, alhali farashinta bai kai kusa da na famfo ba. Kwayil, mai ba fulogi wuta, idan ya fara lalacewa shi ma yakan yanke wuta idan ya yi zafi. Filtar iska da ƙurar hunturu ta cika tana shaƙe injin, haka ma salansa da ta toshe daga ciki. Kuloci da ya cinye kuwa yana da tasa shaidar: ƙarar injin tana hawa amma gudun motar ba ya ƙaruwa, wanda ba haka matsalar mai take ba. Akwai ma abu mai sauƙi da ake mantawa, wato hanyar shaƙar iskar tanki. Idan ta toshe, famfon yana jan mai ne daga tankin da iska ba ta shiga, sai ƙarfinsa ya ragu a hankali. Idan mota ta yi nauyi aka tsaya aka buɗe murfin tanki, aka ji iska ta shige da ƙarfi, sannan motar ta dawo daidai, to laifin ba na famfo ba ne.

Idan an kunna makulli aka ji famfon yana ƙara, ba yana nufin lafiyarsa lau ba?

Ƙarar tana nuna cewa wuta tana isa kuma famfon yana juyawa, iyakarta ke nan. Famfo yana iya juyawa bai kawo rabin man da ake buƙata ba. Rashin jin ƙarar ma ba hujja ba ce a kowace mota. Motoci da yawa sukan kunna famfon na kimanin daƙiƙa 2 idan an murza makulli, amma tsofaffin Toyota masu nozul da dama ba sa kunna shi sai injin ya fara juyawa. A irin waɗannan, bakanike yakan haɗa ramukan da aka rubuta wa FP da +B a cikin ɗan akwatin gwaji da ke kusa da injin, makulli yana kunne, domin famfon ya yi aiki shi kaɗai a saurare shi.

To wane gwaji ne yake raba gardama?

Awon matsi. Ana ɗaura ma'aunin matsin mai a kan bututun da ke shiga wajen nozul, a kwatanta abin da allura ta nuna da abin da kamfanin ya ƙayyade wa wannan injin. Ga injunan Toyota masu nozul na shekarun 1990, adadin da aka fi samu shi ne psi 38 zuwa 44, wato kusan bar 3, idan famfon yana aiki injin kuma a kashe, ya ɗan sauka idan ana silo. Sai dai awon tsaye rabin aiki ne. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a ga halin allurar lokacin da injin yake jan nauyi, ko dai ta hanyar taka totur da ƙarfi farat ɗaya, ko kuma, wanda ya fi, a yi amfani da dogon tiyo a ɗaure ma'aunin a wajen motar inda wanda ke zaune kusa da direba zai iya ganinsa, a hau tudu da motar. Idan allura ta zube daidai lokacin da motar ta fara fizga, an tabbatar matsalar ta isar mai ce. Idan allura ta tsaya cak motar kuma tana fizga, a bar famfo a koma kan fulogi da kwayil da iska.

Akwai gwajin yawa kuma. A cire tiyo a sa a kwalba mai awo, a kunna famfon. Ƙa'idar da masu gyara suka saba bi ita ce ya kawo kusan rabin lita cikin daƙiƙa 30. Wannan aiki ne na fili, injin a huce, nesa da sigari da duk wani tartsatsi, domin fetur mai matsi yana feshi da zarar an kwance bututu.

Idan matsi ya yi ƙasa, an kama famfon ke nan?

Saura abu uku. A fara canza filtar mai a sake awo. Sannan a gwada na'urar daidaita matsi: a motocin da ke da bututun mayar da mai tanki, idan aka matse tiyon komawar na ɗan lokaci kaɗan allura ta yi sama sosai, famfon yana da ƙarfi, na'urar ce take sakin mai; idan allura ba ta motsa ba, zargi ya koma kan famfon ko ragar da ke bakinsa. Na uku shi ne wuta. A tsohuwar mota waya ta ci tsatsa, rile, wato makunnin da ke ba famfon wuta, ya ƙone daga ciki, mahaɗar da ke saman tanki ta saki. Ya kamata a auna wutar a bakin famfon yana cikin aiki, a ga ba ta gaza ta batir da fiye da rabin bolt ko makamancin haka ba. Famfon da ake ba bolt 9 maimakon 12 zai yi kama da matacce, sabon da aka saka a gurbinsa ma haka zai yi.

Yaya batun masu kafireta da masu dizal?

Masu kafireta galibi famfonsu yana jikin injin, ƙarfe ne yake motsa wata fatar roba a cikinsa, kuma matsinsa bai wuce psi 3 zuwa 7 ba. Idan fatar ta yage, fetur yakan zurara cikin baƙin mai, don haka a zaro sandar awo a sunsuna. Warin fetur ko baƙin mai da ya ƙaru da kansa shaida ce mai ƙarfi. A Hiace mai dizal kuwa, kafin a taɓa babban famfon nozul mai tsada, a duba filta da ruwan da ya taru a ƙasanta da kuma iskar da ke shiga ta tsagaggen tiyo.

Me ke kashe famfo, kuma za a iya lallaɓawa da shi?

Fetur ɗin da ke ratsa famfon shi ne yake sanyaya shi, saboda haka yawo kullum da tanki kusan wayam yana rage masa kwana. Datti da ruwa, irin waɗanda ake iya samu a man jarka, suna toshe ragar suna cin cikinsa. Lallaɓawa kuma tana da haɗari, domin injin da mai bai ishe shi ba yana yin zafi fiye da kima har ya iya ƙona bawul ɗin injin, ban da mutuwar mota ana tsakiyar wuce tirela. Idan an tabbatar famfon ne, a sauke tankin a wanke tsatsa da lakar da ke ƙasansa, a sa sabuwar raga da sabuwar filta tare da famfon, sannan a sake ɗaura ma'auni a hau tudun da motar ta kasa hawa a baya.