Labarin binciken kisa mai ban dariya

Labarin binciken kisa mai ban dariya reshe ne na ƙagaggun labaran ƴan sanda, waɗanda ƴan lakwal a Maraɗi suka fi sani da roman policier. Mutane na mutuwa ɗaya bayan ɗaya ta hanyar da hankali bai kwanta da ita ba, amma marubuci ba ya tsayawa kan jini da gawa, raha ce ke jan labarin. Sau da yawa mai binciken ɗan jarida ne.

Wanga salo na sa ɗan jarida gaba ya daɗe. A 1907 marubucin Faransa Gaston Leroux, wanda shi kansa ɗan jarida ne, ya fito da Rouletabille, saurayi ɗan shekara 18 mai ɗauko rahoto da ke warware abin da ya gagari ƴan sanda. Kuma gaskiya ɗan jarida ya dace da aikin, don ba shi da bindiga ba shi da ikon kama kowa, tambaya kawai gare shi, ga albashi bai isa ba, ga shugaban jarida na matsa mai ya kawo labari kafin dare, to dole ya hau kabu-kabu ya bi fada-fada yana shan shayi yana sauraren tsegumi, nan ne ake samun abin dariya kuma nan ne gaskiya ke ɓulla.

In aka kafa labarin a ƙasar Hausa akwai wuya guda: ana rufe mamaci da wuri, galibi ran da ya rasu, dangi kuma sun ce kwana ne ya ƙare. Ba gawar da likita zai duba, sai dai a bi bakin mutane a zaman makoki. A ganina nan ake gane gwanin marubuci, dariyarsa na sauka kan maƙaryaci da mai kuɗin da ke son a rufe zance, ba ya taɓa mamaci da iyalinsa.

A zahiri aikin ɗan jarida mai bincike da hatsari. Ran 13 ga Disamba 1998 aka kashe Norbert Zongo, shugaban jaridar L'Indépendant ta Burkina Faso, kusa da Sapouy tare da mutum uku, lokacin yana binciken mutuwar David Ouédraogo, direban ƙanen shugaban ƙasa na lokacin.