Tsadar ƙaramar bindiga ba ta ƙara wa harsashi ƙarfi

An daɗe ana faɗa a majalisun hira na Gombe cewa ƙaramar bindiga mai tsada ta fi ƙarfin harbi, kuma ba ta cijewa. Ƙarfin dai daga harsashi yake: mai milimita 9 iri ɗaya, a bututu mai tsawo ɗaya, gudunsa kusan ɗaya ne. Cijewa kuwa galibi daga gidan harsashi ne, in sifirin ya saki, ko ƙurar hunturu ta cakuɗe da mai. Kuɗin yana tafiya kan laushin kunama da ƙarko. Mai tantama ya kwatanta girman harsashi da tsawon bututu a takardar bayanin kowacce. A Najeriya ma, dokar bindigogi ta 1959 ta hana mallakar ƙaramar bindiga sai da lasisin shugaban ƙasa.

Don Allah a tura wa 'yan uwa.