Kati ya koma kwamfuta: wa doka ta yarda ya ga sirrin majinyaci?

Tun da asibitocin gwamnati suka fara sauya fayil na takarda da kwamfuta, surutu ya yi yawa a WhatsApp da layin yankan kati. Wai duk wanda ya san lambar katinka zai karanta tarihin ciwonka, wai miji na iya zuwa a buga masa sakamakon gwajin matarsa. Har ana ba mutane shawarar su ba da sunan ƙarya. Kul! Ba da bayanin ƙarya don a shigar da shi a fayil laifi ne a dokar da za mu duba, ballantana haɗarin a yi maka magani da sakamakon jinin wani.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu, ta shafi majinyata da ma'aikata da masu riƙe da asibiti baki ɗaya. Sashe na 26 ya ce duk bayanin da ya shafi ciwonka, maganinka ko kwanciyarka sirri ne, bai ware takarda daga kwamfuta ba. Ana bayyana shi ne idan kai ka amince a rubuce, ko kotu ko wata doka ta buƙata, ko iyaye da waliyyi suka nema a madadin yaro ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko kuma ɓoyewar za ta zama babbar barazana ga lafiyar jama'a. A sake karantawa: babu miji a nan muddin matar na iya magana da bakinta, babu suruka, babu dangin mai neman aure, babu shugaban wurin aiki.

Waccan gaɓa ta lafiyar jama'a ce ke rikita mutane. Abin da aka fi fahimta da ita shi ne annoba irin kwalara ko zazzaɓin Lassa, inda dole a sanar da jami'an sa ido don a bi sawun waɗanda suka yi cuɗanya da mai ciwon. Ba ta ba nas lasisin tsegunta wa maƙwabciya cewa wance na karɓar maganin ƙanjamau ba. Amma gaskiya an bar ƙofar da faɗi, don sashen bai fayyace wa zai auna girman barazanar ba. Likita ya tura bayananka ga ɗakin gwaji ko wani likita domin a yi maka magani kuwa, sashe na 27 ya halatta.

Sashe na 29 tamkar an rubuta shi ne don zamanin kwamfuta. Shiga ma'ajiyar bayanai ba izini, kwafar wani ɓangare, sauya ko goge bayani, haɗa kwamfutar asibiti da wata na'ura, duk laifi ne muddin ba da izini aka yi ba. Shugaban asibitin da bai kafa matakan tsaro ba shi ma yana ciki, abin da ya kamata ya tsorata inda ma'aikata biyar ke shiga da kalmar sirri ɗaya. Hukuncin shi ne ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun. Tarar nan ta yi kaɗan ƙwarai a kuɗin yau, idan aka kwatanta da auren da tonon asiri ɗaya zai iya kashewa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗan cike giɓin: ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta ba ka damar neman kwafin naka, tararta ga manyan hukumomi kuma tana kai naira miliyan 10 ko fiye.

Sai batun "sabis ya ɗauke, ku jira". Ga ciwon yau da kullum sai haƙuri. Ga mai zubar jini ko wanda ya yi hatsari kuwa, sashe na 20 ya hana ƙin kula da shi bisa kowane dalili, kuma wanda ya ƙi na fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun.