Mayar da anime da manga zuwa fim na 'yan wasa

Mayar da anime zuwa fim na 'yan wasa shi ne a ɗauki labarin da ya fara fitowa a zane, a ba mutane na zahiri su taka shi a gaban kyamara. Asalin labarin yakan zama manga, wato littafin labari cikin zane da ake bugawa a Japan, ko anime, wato zanen da aka sa masa motsi da murya don talabijin ko silima. Japanawa suna kiran wannan aiki jissha-ka, ainihin labarin da aka ciro fim ɗin daga gare shi kuma suna ce masa gensaku. Kamfanonin Japan da na Amurka ne suka fi yin sa, sai Koriya ta Kudu da Hong Kong da Faransa. Ba kasafai ake samun reshen harkar fim da masu kallo ke yanke masa hukunci tun kafin ya fito ba kamar wannan. Da zarar an sanar da sunan jarumi, ko an saki tallan minti biyu, gardama ta tashi.

Inda matsalar take farawa

Matsala ta farko lissafi ce. Kashi ɗaya na anime a talabijin yana cin kusan minti 24, zango ɗaya kuma yakan ƙunshi kashi 12 ko 13. Shirin da ya yi kashi 26 ya haura awa goma. Fim ɗin silima awa biyu ne. Mai rubuta labari dole ya zubar da kusan kashi huɗu cikin biyar na abin da masoya suka sani, kuma duk abin da ya zubar akwai wanda shi ne abin ƙaunarsa. Manga ta fi haka tsanani: mujallu irin su Weekly Shonen Jump suna buga babi mai shafi kusan 19 kowane mako, kuma akwai labaran da suka shekara ashirin suna fita. One Piece na Eiichiro Oda ya fara a 1997, ya wuce babi 1000.

Ta biyu ta shafi motsi. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, amma anime na talabijin sau da yawa zane 8 ko 12 kawai ake yi wa daƙiƙa ɗaya, a maimaita kowanne sau uku ko biyu. Wannan tsimi ya samu gindin zama tun shirin Astro Boy na Osamu Tezuka a 1963, kuma daga baya ya zama salo. Ana tsayar da hoto cak a lokacin da naushi ya sauka, a ja layukan gudu a bayan mutum, a bar jarumi ya yi dogon tunani a zuci tsakanin sara da sara. A zane wannan ba ya damun kowa. Amma a tsayar da ɗan wasa na gaske da takobi a sama yana kiran sunan saran da zai yi, abokin gabarsa kuma yana tsaye yana jira, sai ɗakin kallo ya fashe da dariya a wurin da ake so a yi tsit.

Ta uku siffa ce. Gashi shuɗi mai tsini, ido rabin fuska, takobin da ya fi mai shi tsawo, duk ido yana karɓarsu a zane domin komai na duniyar zane ne. Idan aka ɗora gashin kanti mai ƙyalli a kan mutum a ƙarƙashin fitilar ɗaukar fim, masoya sukan ce wannan kosufure ne, wato shigar kwaikwayon taurarin zane da ake yi a bukukuwa. A bakin mai suka, wannan kalma zagi ce: tufafi sababbi fil kamar yanzu aka karɓo su daga wajen tela, ba ƙura, ba zufa, ba alamar an taɓa kwana a cikinsu.

Finafinan da suka jawo tsana

Dragonball Evolution na 2009, wanda James Wong ya ba da umarni, shi ne ma'aunin da ake gwada lalacewa da shi har yau. Goku, jarumin manga ta Dragon Ball da Akira Toriyama ya zana, yaron daji ne mai wutsiya, wanda bai san komai ba sai ci da faɗa. A fim ɗin an mayar da shi ɗalibin sakandare da 'yan aji ke cin zalinsa, yana jin kunyar yarinyar da yake so. Krillin, babban amininsa, babu shi sam. Toriyama ya bayyana daga baya cewa ba a saurari shawarwarinsa ba, kuma a 2016 marubucin fim ɗin, Ben Ramsey, ya fito ya ba masoya haƙuri.

Death Note ya fi ba da darasi domin an yi shi sau biyu a ƙasashe biyu. Labarin ɗalibi ne mai suna Light da ya tsinci littafin da duk wanda aka rubuta sunansa a ciki zai mutu, da jami'in bincike L da ke farautarsa. Gishirin labarin shi ne dara tsakanin ƙwaƙwalwa biyu masu sanyi. Finafinan Japan biyu na 2006, na darakta Shusuke Kaneko, sun sauya ƙarshen labarin, amma masoya da yawa sun karɓe su, wasu ma suna fifita ƙarshen fim ɗin a kan na littafin. Kenichi Matsuyama ya riƙe L da tsugunonsa a kan kujera da cin kayan zaƙinsa da riƙe abu da yatsu biyu. Na Netflix na 2017 kuwa ya kai labarin Seattle, kuma ba sauya gari ne ya fi ɓata wa mutane rai ba. Light ɗin da aka sani da dakiya shi ne ya kurma ihu ya ruga da ya ga Ryuk, aljanin mutuwa da ya jefo littafin, L kuma ya fusata har ya bi shi da bindiga a titi. An riƙe sunaye da littafin, an zubar da halin mutanen. Abin da kusan kowa ya yaba shi ne muryar Willem Dafoe a matsayin Ryuk.

Cowboy Bebop na Netflix ya nuna cewa kwaikwayon asali ma ba ya ceto. An dawo da Yoko Kanno, wadda ta yi kiɗan shirin asali na 1998, an sake gina waƙar buɗewa kusan hoto da hoto, an sa wa John Cho kwat shuɗiya irin ta Spike, jarumin labarin. Amma shirin asali yana rayuwa ne da abin da bai faɗa ba: tarihin Spike da masoyiyarsa Julia da abokin gabarsa Vicious ana nuna shi ne a 'yan gutsattsarin tunani. Sabon ya miƙe kowane kashi zuwa kusan ninki biyu, ya cike gurbin da bayani da barkwanci. An sake shi ranar 19 ga Nuwamba 2021, kuma kafin mako uku su cika aka sanar ba za a yi zango na biyu ba.

Gardamar launin fata

Da aka ba Scarlett Johansson matsayin Manjo, jarumar labarin, a Ghost in the Shell na 2017, suka mai zafi ta fito, musamman daga Amurkawa 'yan asalin Asiya, waɗanda suka ga an sake hana 'yan wasansu babban matsayin da ya dace da su. A Japan abin bai yi zafi haka ba, kuma Mamoru Oshii, wanda ya yi anime ɗin 1995, ya ce bai ga laifin zaɓin ba tunda jikin Manjo na inji ne. Fim ɗin da kansa ya ƙara wa wutar fetur: a ƙarshe ya bayyana cewa ƙwaƙwalwar wata yarinya Bajapaniya, Motoko Kusanagi, aka sa a jikin Baturiya. An kashe kimanin dala miliyan 110, ya kawo kusan miliyan 170 a duniya, wanda a lissafin silima, bayan kason masu gidajen kallo da kuɗin talla, faɗuwa ce.

Akwai kuma juyin wannan, wanda ba a cika tattaunawa ba. Labarin Fullmetal Alchemist yana faruwa ne a ƙasa mai kama da Turai, jaruminsa mai gashi ruwan zinariya ne, amma fim ɗin 2017 Japanawa zalla ya ɗauka, duk da an je Italiya ɗaukar wasu wurare. Attack on Titan na 2015 ya fi shiga tsaka mai wuya, domin a labarin asali kasancewar jaruma Mikasa 'yar asalin Asiya a cikin jama'ar da ba haka suke ba yana da ma'ana. Da kowa ya zama Bajapane, wannan zaren ya tsinke. Aka kuma cire Levi, wanda yana cikin waɗanda masoya suka fi so, aka ƙirƙiro wani a gurbinsa.

Waɗanda suka tsira, da yadda aka yi

Idan masoya suna neman hujjar cewa abin yana yiwuwa, Rurouni Kenshin suke kawowa. Finafinai biyar ne: ɗaya a 2012, biyu a 2014, biyu a 2021, duk na darakta Keishi Otomo, Takeru Satoh kuma shi ne Kenshin. Labarin ya zo da sauƙinsa, tunda a Japan ta farkon zamanin Meiji yake, wato wajen ƙarshen ƙarni na 19, mutanen Japanawa ne, makaminsu takobi. Amma aikin da aka yi ya wuce sa'a. Mai tsara faɗa, Kenji Tanigaki, ya daɗe yana aiki a Hong Kong tare da Donnie Yen, kuma ya fassara saurin da zane ke nunawa da layuka zuwa abin da jiki zai iya: gudu a sunkuye har kafaɗa ta kusa taɓa ƙasa, zamewa a kan gwiwa, taka bango, sara da yawa a jere kafin kyamara ta yanke. An yi amfani da igiya, amma don ƙara wa tsalle kaɗan, ba don mutum ya tashi sama kamar tsuntsu ba. Satoh ya yi mafi yawan faɗan da kansa, abin da ya ba mai ɗaukar hoto damar nuna fuska da jiki a hoto ɗaya. Jan gashin Kenshin an rage masa haske ya koma ja mai duhu, tufafinsa sun koɗe. Tabon gicciye a kumatunsa na hagu da takobinsa mai kaifi a baya, wanda ke nuna rantsuwarsa ta daina kisa, ba a taɓa su ba.

One Piece na Netflix, kashi 8 da aka saki ranar 31 ga Agusta 2023, ya bi wata hanyar. An ɗauke shi a Cape Town ta Afirka ta Kudu, inda aka gina jiragen ruwa na katako da gidan abincin Baratie a zahiri maimakon a jingina komai ga kwamfuta. Oda yana cikin masu shirya shi, kuma ya sanar wa masoya tun kafin fitowarsa cewa an yi masa alkawarin ba za a sake shi ba sai ya gamsu. Sauye-sauyen ba kaɗan ba ne. An cire dogon hancin Usopp da murɗaɗɗiyar girar Sanji, an sa wa Luffy, jarumin labarin, takalmi rufaffe maimakon silifa, an shigo da Garp tun farko, an rage Don Krieg zuwa ɗan leƙe. An yi gunaguni, amma bai daɗe ba, domin Iñaki Godoy ya fito da Luffy ɗin da aka sani, kuma wuraren da masu karatu suke jira, kamar lokacin da Nami ta nemi taimako Luffy ya ɗora mata hularsa, sun zo da nauyinsu. Makonni kaɗan bayan fitowarsa aka amince da zango na biyu.

Daga waɗannan biyun ake gane abin da masoya ke nufi idan suka ce a girmama asali. Suna yafe hanci da takalmi da jerin aukuwa. Abin da ba sa yafewa shi ne a sauya dalilin da ya sa mutum yake yin abin da yake yi.

Ƙarfin masoya a kan kamfanoni

Ra'ayin masoya yana fita ne a YouTube, Reddit, X, da shafukan ba da maki irin su IMDb da Rotten Tomatoes. Makin ba koyaushe abin dogaro ba ne, domin akan yi gangami a zuba wa fim maki mafi ƙasƙanci tun kafin a kalle shi, ko a cika shi da goma don ramuwa. Duk da haka kamfanoni suna saurare. Da tallan farko na Alita: Battle Angel ya fito a ƙarshen 2017, manyan idanun da aka yi wa Rosa Salazar da kwamfuta sun tsorata mutane. Wannan shi ne abin da masanin mutum-mutumi Masahiro Mori ya bayyana a 1970: abu yana ƙara kama da mutum ana ƙara sonsa, har ya kai gab da zama mutum bai zama ba, sai ya koma abin ƙyama. Masu aikin ba su rage girman idon ba. Sun faɗaɗa ƙwayar idon ne don farin da ke kewaye da ita ya ragu. Fim ɗin ya fito a 2019, ya kawo sama da dala miliyan 400, kuma masoyansa sun shafe shekaru suna kiran a yi na biyu.

Hukuncin ma yakan juya. Speed Racer na 2008 ya faɗi a kasuwa, an yi masa ba'a kan launukansa masu kashe ido, yau kuma akwai masu ganin yana cikin 'yan kaɗan da suka yi ƙoƙarin sa kyamara ta yi tunani irin na zane. Akwai kuma finafinan da suka kuɓuta daga gardamar gaba ɗaya saboda yawancin masu kallo ba su san daga ina aka ciro su ba. Oldboy na Park Chan-wook, fim ɗin Koriya ta Kudu na 2003 da ya ci babbar kyauta ta biyu a bikin Cannes na 2004, daga manga ta Japan yake, kuma ya sauya dalilin ɗaukar fansar da ke tsakiyar labarin ɗungurungum. Edge of Tomorrow na Tom Cruise, na 2014, daga ɗan littafin Hiroshi Sakurazaka na 2004 aka ɗauko shi, aka mayar da matashin soja Bajapane jami'in Amurka mai manyan shekaru, aka kuma ba shi wani ƙarshen daban.