Waiwaye: Daga ina ƙa'idar sauƙaƙa wa makafi da kurame intanet ta samo asali?

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu a unguwar Nima ta Ankara, babban birnin Ghana, da idonshi ya tafi bayan ya girma, wayarshi ce ke mishi karatu da murya, TalkBack ɗin nan na Android. Ranan aka turo sanarwar ɗaurin aure a gurup ɗin unguwa amma a hoto aka rubuta ta, wayar ta ce mishi hoto ne ta yi shiru, sai da ya kira jikanshi ya ce kai yaro zo ka duba min. To wannan ƙaramin abun shi ne aka kwashe kusan shekara 30 ana rubuta ƙa'ida a kanshi.

Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, ita ta buɗe sashe na musamman dan masu nakasa a 1997, sannan a watan Mayu 1999 ta fitar da ƙa'idojin da ake kira WCAG, bugu na farko. Abu na farko a ciki kuwa shi ne duk hoto a sa mishi bayani a rubuce, dan manhajar da ke karanta wa makaho allo ta samu abin faɗa. Da fari kaman shawara ce kawai, sai a 1999 wani makaho ɗan Ostareliya, Bruce Maguire, ya kai ƙarar masu shirya wasannin Olamfik na Sidni saboda ya kasa amfani da shafinsu, ya ci nasara a 2000 har aka yanke a biya shi dalar ƙasar 20,000. Daga nan masu kamfani suka fara buɗe kunne, kun san mutane dai, sai an taɓa aljihu.

Bugu na biyu ya zo a Disamba 2008, shi ne ISO, ƙungiyar tsara ma'aunai ta duniya, ta ɗauka a 2012 ya zama ma'aunin duniya mai lamba 40500. Matakai uku ne, A da AA da AAA, yawancin gwamnatoci na tsakiyan suke nema: bidiyo da rubutu a ƙasa dan kurma, kalar rubutu ta fita daga kalar bango sosai dan mai raunin gani, kuma komai ya yiwu da kibod ba sai da linzamin kwamfuta ba. 2018 aka ƙara maganar wayar hannu, 2023 aka sake ƙari. Turai ma dokarsu ta fara aiki a Yuni 2025, ta haɗa har da bankuna da ATM da shagunan intanet.

Mu a Ghana fa? Muna da dokar masu nakasa, Act 715 ta 2006, kuma a 2012 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa wadda sashe na 9 nata ya ambaci intanet ƙarara. Amma ni a ganina hankalinmu ya fi tsayawa a kan matakala da ƙofar gini, shi ma ɗin wa'adin shekara 10 aka ba masu gini ya cika a 2016, je ka zagaya Ankara ka ƙirga da kanka.

Abin da ya fi damuna wani ne daban. A cikin ƙa'idar akwai cewa kowane shafi ya nuna da wane harshe aka rubuta shi dan muryar ta san yadda za ta furta, to ko an nuna Hausa ne, muryar da ke wayar dattijon nan ta Turanci ce, haka take tauna Hausa kaman bature ya zo kasuwar Mamobi neman waken suya, ƙ da ɗ kuwa sai dai haƙuri. Ga momo, wato tura kuɗi ta waya, kafin muryar ta gama karanto mishi zaɓin ya danna, lokaci ya ƙare an mayar da shi farko, alhali tun 2008 an rubuta cewa a ba mutum damar ƙara lokaci. Yanzu dai jikan ne ke riƙe da lambar sirrin, shi kuma gobe zai koma makarantar kwana.