Takardar asalin jiha ba ta sayen kujerar likitanci

Iyaye da dama a Makka da Jidda suna tura 'ya'yansu gida Najeriya karatu da tunanin cewa tunda yaro ɗan Kano ne, Jami'ar Bayero ba za ta hana shi gurbi ba. Wannan tunani ya sa yara da yawa sun yi asarar shekara guda a zaune.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da ke baya a ilimin boko, irin su Jigawa, Yobe da Zamfara. To amma a cikin kowane kaso, maki ne ke tantancewa. Ɗan Kano mai neman likitanci a Bayero yana gogayya da dubban 'yan uwansa Kanawa, kujerun kuma ƙalilan ne. Wanda ya ci 200 cikin 400 a jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, asalinsa ba zai ɗaga shi sama da ɗan jiharsu mai 280 ba.

Haihuwa a Saudiyya kuma ba ta cire yaro daga jiharsa. Ana bin asalin uba ne, da takardar ƙaramar hukuma. Inda ake tuntuɓe shi ne saɓanin suna ko jiha tsakanin wannan takarda da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda JAMB ta wajabta tun 2021. A daidaita su tun kafin rajista, domin gyara daga baya yana cin lokaci har a rufe ɗaukar ɗalibai.