Horon sanin makamar aiki da guraben bincike a gidajen adana kayan fasaha na Bauchi da Gombe

Horon sanin makamar aiki a gidan adana kayan fasaha tsari ne da ake karɓar ɗalibi, ko wanda bai daɗe da gama karatu ba, ya yi wasu watanni a hannun ma'aikatan gidan yana koyon yadda ake karɓar kaya, da yi musu rajista, da adana su, da baje su ga masu kallo. Gurbin bincike kuwa na wanda ya riga ya ƙware ne, kamar malamin jami'a ko mai zane ko ma'aikacin wani gidan tarihi, wanda ake ba wa tallafin kuɗi da izinin shiga ma'ajiya don ya nazarci wani rukunin kaya. Manyan gidaje na duniya suna da jami'i guda da ba shi da wani aiki sai tsara waɗannan shirye-shirye biyu. A ƙananan gidaje aikin yakan faɗa kan jami'in sashen ilimantarwa, ko shugaban gidan da kansa. A yankin Bauchi da Gombe, kayan fasahar hannu irin su saƙa da ɗinki da sassaƙa da ginin tukwane galibi a gidajen tarihi da fadodin sarakuna ake samun su, don haka horon fasaha da na tarihi a wuri ɗaya ake yin su.

Asali

Tun kafin a san gidan tarihi a ƙasar Hausa, sana'ar hannu a wurin gwani ake koyon ta. Yaro yakan fara da share rumfa da ɗebo ruwa, a hankali a ba shi zare ko fata ko zuga-zugi, sai bayan shekaru a yaye shi. Maƙera da marina da dukawa da masaƙa da magina kowa da sarkin sana'arsa, kuma ilimin yana bin gida ne, daga uba zuwa ɗa. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, wanda ake jin an gina shi a wajajen 1860 kuma ake danganta aikinsa ga mashahurin magini Babban Gwani, ya fito ne daga wannan irin makaranta. Har yau idan daurin guga na tsohon soro ya tsage, maginin gargajiya ake nema, kuma ɗalibin da aka tura wurin yakan ƙaru da shi fiye da yadda zai ƙaru da takarda.

Koyar da aikin gidan tarihi a matsayin sana'a mai zaman kanta ya faro ne a Turai da Amurka. An buɗe makarantar Louvre a birnin Paris a 1882. A Jami'ar Harvard, Paul Sachs ya fara wani kwas a farkon shekarun 1920 a gidan kayan fasaha na Fogg, inda yake sa ɗalibai su riƙe kaya da hannunsu, su ziyarci masu tara kaya da dillalai, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shugabanci manyan gidajen fasaha na Amurka daga baya a wurinsa suka yi karatu. A 1925 John Cotton Dana ya buɗe shirin koyon aiki a gidan tarihi na Newark, wanda mata ne suka fi shiga. Jami'ar Leicester ta Ingila ta kafa sashen nazarin gidajen tarihi a 1966.

A Najeriya labarin ya fara da Kenneth Murray, malamin zane da ya zo ƙasar a 1927, wanda aka ɗora wa kula da kayan tarihi a 1943. An buɗe gidan tarihi na Esie a 1945, na Jos a 1952 a ƙarƙashin Bernard Fagg, na Legas a 1957. Ma'aikatan farko duk a bakin aiki suka koya: masu zanen taswira, da masu ɗaukar hoto, da kafintoci masu haɗa akwatunan baje kaya, da masu liƙa fasassun kawunan yumɓu na tsohuwar al'adar Nok. Babban sauyi ya zo a wajajen 1963, lokacin da gwamnatin Najeriya da hukumar UNESCO suka kafa cibiyar horar da ma'aikatan gidajen tarihi a Jos. Da Ingilishi da Faransanci ake koyarwa a cikinta, kuma ɗalibai suna zuwa daga ƙasashen Afirka daban-daban, lamarin da ya sa Jos ta zama matattarar wannan ilimi a nahiyar na tsawon shekaru. A harabar gidan tarihi na Jos ne kuma aka gina gidan tarihin gine-ginen gargajiya, bisa aikin aunawa da zanawa da Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, ya yi tare da matasan Najeriya da ya horar. Cibiyar Nazarin Kimiyyar Tona Ƙasa da Gidajen Tarihi da ke Jos a yau ita ce ta gaji wannan aiki. Kusancin Jos da Bauchi ya sa wanda ke neman horo mai zurfi daga wannan yanki can ya fi dosa.

Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, ta maye gurbin tsohon sashen kayan tarihi. A 1993 aka kafa hukumar adana zane-zanen zamani ta ƙasa. A matakin nahiya, cibiyar ICCROM ta ƙasa da ƙasa mai kula da adana kayan gado, da ke Roma, ta ƙaddamar da shirin PREMA a tsakiyar shekarun 1980 don koya wa ma'aikatan gidajen tarihi na Afirka dabarun kare kaya kafin su lalace, kuma daga cikinsa aka samu makarantar adana kayan gado ta Porto-Novo a Jamhuriyar Benin a 1998.

Hanyoyin da ɗalibai ke zuwa

Mafi yawan masu zuwa koyon aiki ta shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu suke zuwa, wanda Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, ya ƙirƙiro a 1973. Asusun kansa an kafa shi a 1971, kuma hedikwatarsa tana Jos. Ɗaliban kwalejin fasaha sukan yi wata huɗu, na jami'a wata shida. Kowane ɗalibi yana zuwa da takardar neman gurbi daga makarantarsa da littafin da zai riƙa rubuta aikin kowace rana, wanda mai kula da shi ke sa wa hannu duk mako. Hanya ta biyu ita ce ta masu yi wa ƙasa hidima, shirin da aka fara a 1973, waɗanda ake turowa na kusan shekara guda. Sai kuma 'yan sa-kai da ɗaliban da ke rubuta kundin kammala digiri.

Makarantun da ke yankin sun haɗa da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Bauchi, da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare, da Jami'ar Jihar Gombe, da Jami'ar Tarayya ta Kashere. 'Yan asalin jihohin biyu da ke karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya su ma sukan nemi gurbi a kusa da gida.

Wuraren horo

Kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a garin Bauchi, wanda aka kammala gininsa a ƙarshen shekarun 1970, yana da ɗakin da aka baje hotuna da kayan amfanin marigayin, kuma wuri ne da ya dace da koyon yi wa baƙi jagora, saboda 'yan makaranta ba sa yankewa. Zanen kan dutse na Geji da na Shira, masu siffofin shanu da namun daji da mutane, suna buƙatar wani horo dabam: ɗaukar hoto da ma'auni a gefe, da rubuta halin da dutsen yake ciki, da zama da dagaci da mutanen gari waɗanda su ne masu gadin wurin na haƙiƙa. A sansanin Wikki na gandun dajin Yankari akwai ƙaramin gidan baje fatu da haure da tarkunan mafarauta. A Jihar Gombe akwai filin yaƙin Mbormi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kwanta dama a 1903. Ƙoren da matan Tera da Fulani ke yi wa zane, da tukwanen magani na ƙabilun Cham da Lunguda, suna cikin fasahar yankin da masu bincike daga waje suka fi rubutu a kai.

Aikin mai tsarawa

Aikin yana farawa tun kafin ɗalibi ya iso. Mai tsarawa yakan zagaya sassan gidan ya tambayi kowane shugaban sashe mutum nawa zai iya ɗauka da kuma wane aiki zai ba su, sannan ya amsa takardun makarantu gwargwadon haka. Nan ne shirin ke gyaruwa ko ya ɓaci. Gidan da ya karɓi ɗalibai fiye da aikin da yake da shi, ƙarshenta a kan benci suke wuni, suna kwafar abin da ɗan'uwansu ya rubuta a littafinsa. Ya fi alheri a ɗauki kaɗan, a ba kowa aikin da za a iya nunawa ranar tafiya, ko da kuwa rajistar kayan da ke kan kantar ajiya guda ce a ma'ajiya.

Makon farko na sanin wuri ne da dokoki: wa ke riƙe makulli, wa ke shiga ma'ajiya, me ake ɗauka hoto. Daga nan a riƙa juya ɗalibi tsakanin sashen rajista, da na adanawa, da na baje koli, da na ilimantarwa. Mai tsarawa shi ne ke karɓar malamin da makaranta ta turo duba ɗalibanta, shi ke cike fom na 8 na ITF, wato rahoton kammala horo, a ƙarshe, shi ke sa hannu a takardar wata-wata ta masu hidimar ƙasa. Jadawalin kuma sai ya yi la'akari da sallar Juma'a da azumi da lokutan da makarantu suka fi kawo ziyara.

Akwai abin da ba ya cikin kowane fom, amma mai tsarawa nagari yana koyar da shi tun da wuri. Tsohon Alƙur'ani rubutun hannu ba a taɓa shi sai da alwala. Wasu kayan dodo da na tsafi, masu su sun gindaya sharaɗi a kan wanda zai gan su. Shiga fada neman bayani kuma yana da ladabinsa: a bi ta hannun wanda ya dace, a cire takalmi, a yi gaisuwa, a jira a ba da izini kafin a fito da kyamara.

Abin da ake koya a ma'ajiya

Darasin farko shi ne ɗaukar kaya. Tukunya ba a ɗaga ta ta baki ko ta mariƙi. Hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a gefe, bayan an riga an share wurin da za a ajiye ta. Babbar riga mai aska takwas ba a rataye ta a ƙusa, domin nauyin ɗinkin yana yaga kafaɗa a hankali. Shimfiɗe ta ake yi, a sa takarda marar sinadari mai ci a kowane ninki don kada karin ya zama tsaga. Kayan ƙarfe da safar hannu ake taɓa su, saboda gumin yatsa yana barin tabo.

Sai lambar rajista. A tsarin da ya fi yaɗuwa lambar kashi uku ce: shekarar da kayan ya shigo, da lambar rukunin da ya zo a ciki, da lambarsa a cikin rukunin. A jikin ƙwarya ko tukunya, a wurin da ido ba ya saurin kaiwa ake shafa ɗan siririn varnish, wato fenti marar launi, mai wankuwa, a rubuta lambar a kai, a sake shafawa. A jikin tufa kuwa ƙyallen auduga ake rubutawa a ɗinka. Lambar nan ita ke haɗa kayan da labarinsa a littafi: wa ya yi shi, a wane gari, wa ya kawo. Idan ta goge, an rasa babban kaso na darajar kayan. Ƙa'idar Object ID ta 1997 ta tsara bayanan da ya kamata a riƙe tare da hoto, don a iya gane kaya idan an sace shi.

Yanayin yankin yana da nasa darasi. Hunturu yana busar da itace da fata har su tsage, ƙura kuma tana shiga ta kowace kafa. Da damina ta kama sai danshi da fumfuna. Gara ba ta da lokaci, shi ya sa ake ɗaga kantar ajiye kaya daga ƙasa, a janye ta daga bango, a riƙa duba ƙarƙashinta ko akwai garin itace. Tufa da takarda ba sa son haske, kuma ma'aunin da aka saba bi shi ne kada ya wuce lux 50 a ma'aunin ƙarfin haske.

Guraben bincike

Irin waɗannan gurabe sun fi yawa a ƙasashen waje da kudancin Najeriya. Gidan tarihi na Birtaniya yana gudanar da shirin horo na 'yan makonni ga ma'aikatan gidajen tarihi na ƙasashe tun 2006. A Legas, marigayiya Bisi Silva ta kafa cibiyar fasahar zamani a 2007, ta kuma fara shirin Asiko a 2010 don masu zane da masu tsara baje koli na Afirka. Mai neman gurbi yakan gabatar da tsarin bincikensa da takardun shaida daga malamai, kwamiti ya tantance. Idan baƙon mai bincike ne ya zo, mai tsarawa ke nema masa masauki da tafinta da izini. Tona ƙasa ko fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba ya halatta sai da izinin NCMM. Ana kuma son a yi yarjejeniya a rubuce cewa zai bar wa gidan kwafin hotuna da rahotonsa.

Alawus

Biyan masu koyon aiki batu ne da ake taƙaddama a kai. Masu suka suna cewa horon da ba a biya yana rufe ƙofa ga 'ya'yan talakawa, gidaje kuma suna kukan ƙarancin kuɗi. A 2019 ƙungiyar shugabannin gidajen kayan fasaha ta Arewacin Amurka ta yi kira ga mambobinta su riƙa biya. A Najeriya alawus ɗin SIWES ta hannun ITF yake fitowa, na masu hidimar ƙasa kuma daga gwamnatin tarayya.